Awar Sista Tela

Yayata ba ta iya ƙarya ba, kuma abin da ya ci ta ke nan. Ni da nake sayar da tukwane da kwanuka a kasuwa, nake rantse wa mai ciniki cewa tukunyar gwangwani za ta kai jikokinsa, ga ni nan zaune a gidana lafiya lau. Ita kuwa da ta yi shekara hamsin da biyu ba ta taɓa ce wa fari baƙi ba, je ka ga inda gaskiyar ta ajiye ta. 

Shekara bakwai ta ba ni. Tana da sha tara ta shiga ƙungiyar sistoci, matan nan na coci da ba sa aure, masu ɗaukar alkawarin talauci da tsarki da biyayya har mutuwa. Babanmu ya yi faɗa, Inna ta yi kuka har idonta ya kumbura, ita kuwa ta ƙulle 'yan kayanta a zane ta tafi. Da aka ga hannunta ya faɗa a kan keken ɗinki sai aka damƙa mata ɗakin ɗinkin gidan, sunanta na gida ya ɓace, kowa sai Sista Tela. Ni dai Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Auta, ko da furfura ta cika mana kai mu duka biyun.

Gidansu yana bayan tashar mota, a wani lungu da masu faci da masu walda suka cika da ƙara. In ka tura ƙofar ƙarfen ka shiga, sai dogon baranda da ɗakuna sha huɗu a jere, kowanne da gado ɗaya, kujera ɗaya, da ƙusa a bango ta rataye riga. A ƙarshen barandar ɗakin ɗinki yake: kekuna biyu na ƙafa, teburin yanka, da almakashi ɗaure da igiya don kada ya yi ƙafa. Daura da shi ɗakin addu'a, benci shida, gicciye, 'yar fitila ja, da agogon bango da Yaya ke gyara wa lokaci kowace Litinin. A wannan gidan mata bakwai suka kafa ƙungiyar tun kafin a haife mu.

To ga abin da ya kamata a gane, don a kansa komai ya rataya. Da ƙungiyar ta fara yaɗuwa zuwa wasu ƙasashe, sai manyansu suka raba awoyi ashirin da huɗu na yini a tsakanin gidajensu. Kowane gida da awarsa. In wannan ya tashi daga durƙuso, wancan na wata ƙasa ya durƙusa, ta yadda ba za a taɓa samun minti ɗaya a duniya da babu 'yan ƙungiyar a gaban Ubangiji ba. Dokar kuma ba ta da lanƙwasa: dole mutum biyu, duka masu alkawarin har mutuwa, ɗaya ta karanta layi ɗaya ta amsa, daga farkon awa zuwa ƙarshenta. Gidan su Yaya ya samu ƙarfe biyu zuwa uku na rana, lokacin da ciki ya cika ido ya yi nauyi, ba mai son sa. Yaya ta karɓa tana da shekara talatin, ita da wata da ake kira Sista Nas, mai kula da ɗan ɗakin shan magani na gidan. Shekara arba'in da ɗaya suka yi a kan benci ɗaya.

Na san tsadar awar nan, don ni ma na biya. Ranar da Inna za ta rasu muna asibiti mu biyu, ni a kai, Yaya a ƙafa. Ɗaya da rabi na yi sai na ga ta duba agogon hannunta ta miƙe tana gyara lulluɓi. Na ce mata ba ta ga yadda numfashin Inna ya canza ba? Ta ce ta gani, amma Sista Babba, shugabar gidansu, ta yi tafiya, sauran suna makaranta suna koyarwa, in ba ta je ba Sista Nas za ta durƙusa ita kaɗai, kuma mutum ɗaya ba ya cika awa. Na zage ta tas a gaban ma'aikatan asibiti, abin da ban taɓa yi ba. Inna ta cika da biyu da minti ashirin. Shekara biyu ban taka lungun nan ba, ko gaisuwarta aka kawo mini sai in ce a mayar mata da abinta. Da muka shirya ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Abin da kawai ta faɗa mini shi ne sunan Inna ne a bakinta daga farkon awar nan har ƙarshenta, kuma ta yi kuka har Sista Nas ta riƙa riƙe mata littafin.

A shekarun nan gidan cike yake maƙil. 'Yan mata suna zuwa daga ƙauyuka da birane, a yi musu horo na shekara uku, ranar da za su ɗauki alkawari Yaya ce ke sa musu rigar da hannunta. Kowace yarinya riga uku, fara biyu, toka ɗaya. Tana auna su tana faɗa, wai wannan ta tsaya sosai ba itace ake aunawa ba, wancan ta daina dariya allura na bakinta. A cikin kowace riga takan ninke yatsa uku na yadi ta ɓoye a ɗinkin gefe, don ta ce yarinya in ta samu kwanciyar hankali sai ta yi ƙiba, kada ta rasa abin saki. Mama Tela suke ce mata. Daga baya aka fara kawo mata yadi mai kauri kamar bargo, wai ta koyi ɗinka kwat, domin a ƙasashen sanyi gidajen sistoci sun zama kango, ba mai shiga, ana neman namu su je su riƙe musu asibitoci da gidajen tsofaffi.

Haka suka riƙa tafiya, biyu-biyu, uku-uku. Yaya ta manna taswirar duniya a bangon ɗakin ɗinki, duk inda aka buɗe sabon gida sai ta soka fil mai jan kai. Ƙasa tara, ƙasa sha huɗu, ƙasa ashirin da biyu. In na je sai ta kama hannuna ta kai ni gaban bangon tana nuna mini, nan dusar ƙanƙara ke zuba, nan tsibiri ne, nan sai an kwana a jirgi, fuskarta kamar ita ta haifi ƙasashen. Ni kuwa sai in ce mata ita dai kaza ce, tana kwanciya a kan ƙwai, wasu na kwashe 'yan tsakin. Takan yi dariya ta ce bakina ne zai kai ni wuta. Ta ƙirga su, tamanin da shida ta sa wa riga, kuma ba wadda ta manta awon kafaɗarta.

Ba rana ɗaya gidan ya mutu ba. Da farko aka ɗauke horon sababbi aka kai babban birni kusa da filin jirgi, wai ya fi sauƙi. Sannan aka ce riguna daga kamfani za a riƙa sayowa, ƙarama, matsakaiciya, babba, ba sai an auna kowa ba. Aka rufe makaranta, aka rufe ɗakin shan magani. Masu ƙarfi a jika aka tura su waje, waɗanda suka rage suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ɗakunan baranda aka riƙa kulle su, Yaya na tara makullan a gwangwanin maɓallai. Da Sista Babba ta rasu shekara uku da suka wuce, sai ya zama saura su biyu a gida mai ɗaki sha huɗu, ita da Sista Nas. Amma biyu biyu ce, awa tana cika, kuma Yaya ba ta nemi abin da ya wuce haka ba.

Ana wata ga wata, sai Sista Nas ta faɗi a banɗaki. Ta tashi da ɓarin jiki a shanye, aka sa ta a keken guragu. Wannan mata ce da a da in ta ɗaga sirinji manyan maza ke neman hanyar gudu, mai murya kamar ta kwandasta. Da farko bakinta ya karkace amma tana amsawa, Yaya ta turo ta har gaban benci ta ɗora mata littafin a cinya. Bayan wata shida ta fara amsa layin da ba shi ba. Daga nan sai a tsakiyar addu'a ta ɗaga kai ta ce a shigo da mai zazzaɓin nan na waje. Daga nan kuma sai shiru. Idonta a buɗe, bakinta a rufe, yawu na bin haɓarta.

A lokacin na fara zuwa Talata da Juma'a, ina barin shago a hannun surukata, don Yaya ba ta iya ɗaga ta ita kaɗai. Mu yi mata wanka, mu canza shimfiɗa, mu ba ta abinci da cokali. Haihuwar guzuma ke nan, mai jinya da majinyaciya duk abin tausayi. Biyu saura minti biyar kuwa ko sabulu ne a hannunmu sai an ɗauraye an tura keke. Ina zama a bencin baya ina kallo. Yaya ta durƙusa da gwiwoyin nan nata da suka yi kanta, ta karanta layinta, ta yi shiru daidai tsawon amsar, sannan ta ci gaba. Awa guda cur haka, ga ƙarar masu walda daga waje.

Wata Juma'a shirun nan ya ishe ni. Na miƙa hannu na ɗauki littafin daga cinyar Sista Nas na shiga amsawa, ina tuntuɓe da kalmomi kamar 'yar aji ɗaya. Yaya ba ta waiwayo ba, ba ta kuma hana ni ba. Da uku ta buga muka fito baranda, ta yi mini godiya sosai, ta ce Allah ya ji muryata kuma ta yi mata daɗi, amma ba a lissafa ta, don ni ba ni da alkawari. Na ce to ni dai mai 'ya'ya shida ce, ba zan iya mayar da su ciki ba don a lissafa ni. Ko murmushi ba ta yi ba.

Abin da ke cin ta shi ne wata takarda. Ƙarshen kowane wata uku hedikwatar ƙungiya kan aiko wa kowane gida takarda mai tambaya ɗaya, ko an cika awa bisa doka, a sa hannu a mayar. Yaya ta ajiye ta a kan teburin yanka ta danne da almakashi, kwana goma tana zagaya ta. Ta daina cin abinci sosai. Na ce mata ta sa hannu kawai, wa ya gani? Mata biyu suna wurin, duka masu alkawari, Allah da ya ƙulle bakin Sista Nas ya fi kowa sanin abin da ke zuciyarta. Ta ce ita ma tana fata haka ne, amma fata ba sani ba ne. In awar ba ta cika ba, to wata uku ke nan akwai rami a addu'ar duniya gaba ɗaya, gidan da ke bayansu yana miƙo musu, na gabansu yana karɓa, ba wanda ya san a hannunta abin ke zubewa. Ta ce ba za ta sa sunanta a ƙarƙashin abin da ba ta tabbata ba.

Sai ta ce za ta rubuta ta tambaya. Na ce Yaya, kada allura ta tono garma. Mutanen da suka manta da ke, ki bar su su ci gaba da mantawa, a nan rufin asirinki yake. Ta ce mai tambaya ba ya ɓata, kuma su ba hukuma ba ne, 'ya'yanta ne. A ganinta ba su san halin da ake ciki ba ne kawai. Da zarar sun ji, cikin tamanin da shida ai ba za a rasa ɗaya da za a turo ba, ko gurguwa ce, ko wadda sanyi ya kora, ita dai mai baki. Shafi huɗu ta rubuta da hannunta, ba ta ɓoye komai ba, har ranar da na amsa sai da ta sa. Ni na kai wasiƙar gidan waya, kuma Allah ya sani na tsaya a bakin akwatin nan na daɗe ina tunanin in yaga ta. Da na yaga.

Ba ka ga Yaya a makonnin da suka biyo baya ba. Ta buɗe ɗaki na uku a baranda, wanda rana ba ta dukansa, ta sa ni na taya ta kakkaɓe yana. Ta shanya katifa, ta zuba wa keke mai ta ɗinka sabon labule mai furanni, ita da ta daɗe ba ta taka keken ba saboda ciwon ƙugu. Har tana yi mini lissafin wadda za a turo, ko wata doguwa da ta taɓa cewa ba ta son ƙasar sanyi, ko wata mai asma. In mota ta tsaya a lungu sai ta kasa kunne. Ni ma, duk da bakina, na fara sa rai.

Mako bakwai sai ga baƙuwa a farar mota da direba. Sista Sakatariya ce ta hedikwata, mace mai kimanin hamsin da tabarau, kuma tana cikin tamanin da shidan nan. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da Yaya, ta rungume Sista Nas ta goge mata haɓa da hankicinta. Ba zan yi mata ƙarya ba, mai ladabi ce. Yaya sai leƙen motar take yi ko akwai wata a ciki da akwati. Babu kowa sai direba.

Muka zauna a ɗakin ɗinki, ta fito da wasiƙa mai hatimi ta karanta. Majalisar ƙungiya ta gode wa Yaya da gaskiyarta da amincinta na shekara arba'in da ɗaya. Daga ɗaya ga wata mai zuwa an mayar da awar biyu zuwa uku ga wani sabon gida a ƙetaren teku, mai sistoci arba'in, da suka yi shekara uku suna roƙon a ba su awa. Su biyun za a kai su gidan kula da tsofaffin sistoci. Ginin kuma za a ba wata makaranta. A ƙarshe aka ce Babbar Uwa, shugabar ƙungiyar ta duniya, ta umarci Yaya bisa alkawarin biyayya da ta sauke wannan nauyi ta huta.

Ni ce na fara magana, kuma ban yi ta da daɗi ba. Na ce an ci moriyar ganga an yar da kwaurenta. Na ce rigar farko da ta rufa mata jiki a ƙungiyar nan wa ya ɗinka? Suna da mata arba'in a gida ɗaya suna rububin awa, a rasa ɗaya tak da za a ba tsohuwar da ta yi musu sutura? Ta saurare ni har na gaji. Ta ce an nema, ba a samu ba, kowacce tana riƙe da aji ko ɗakin marasa lafiya, kuma doka ta hana a tura mace ɗaya mai ƙuruciya ta zauna da tsofaffi biyu ba abokiya. Sannan ta cire tabarau ta juya wajen Yaya.

"Mama, ai mun sani. Tun da Sista Nas ta faɗi muka sani, likita ya faɗa mana. Babbar Uwa ta ce kada kowa ya tambaye ki, a bar ki da awarki har Ubangiji ya yi kiransa. Da kin sa hannu, ko da kin ƙi mayar da takardar ma, ba mai cewa uffan. Amma kin rubuta, an karanta a gaban majalisa, ya shiga littafi. Doka ta ɗaure mu."

 Sai Yaya ta yi tambayar da ta kai ta rubutun tun farko, ta ce to watannin nan da ta yi ita kaɗai, an lissafa su ko ba a lissafa ba? Sista Sakatariya ta ce majalisa ba ta yanke hukunci a kan wannan ba, ta bar wa Allah. Wato ko amsar ba ta samu ba. Ta miƙe ta ce bari ta ɗora wa baƙuwa ruwan shayi.

Sauran kwana sha tara ta yi su daidai, ba ta makara da minti ɗaya ba. Ranar ƙarshe ina bencin baya. Ta karanta, ta yi shirunta, ta ci gaba, muryarta ba ta yi rawa ba. Da uku ta buga ta rufe littafin ta sumbace shi, ta miƙe da ƙyar, ta juya keken Sista Nas. Ni ce na yi kukan, ita ba ta yi ba. Washegari motar ƙungiya ta zo ta kwashe su, akwati ɗaya kowacce. Kekunan ɗinki aka bar wa makarantar.

Gidan tsofaffin yana wani gari, awa biyu a mota in ba a tsaya ba. Ba zan kushe shi ba. Tsaf yake, ƙasa na sheƙi, akwai ma'aikata masu fara'a, akwai ƙarfe a bangon banɗaki na dafawa. Mata goma sha takwas ne a ciki, galibi a gado ko a keke. Sista Nas ta rasu a wata na uku da zuwansu, aka aika sanarwa ƙasa ashirin da biyu, aka ce an yi mata addu'a da harsuna tara. Yaya ta samu ɗaki mai taga da ke kallon katangar wurin ajiye motoci. Tana zuwa addu'ar safe da ta yamma tare da kowa, tana cin abin da aka ba ta, tana gode wa kowa. Ta rame har agogon ya riƙa zamewa a hannunta.

Katuna suna zuwa daga ƙasashe, masu hoton furanni da dusar ƙanƙara, Mama Tela muna tuna ki. Sistocin sabon gidan ma sun aiko da hoto, su arba'in a jere suna murmushi, sun rubuta cewa yawansu ya sa sai mutum ta yi wata guda kafin layi ya zo kanta. A can wai awar da sassafe take faɗowa, lokacin da jiki ke da ƙarfi. Yaya ta nuna mini hoton ta ce ai gara haka, yanzu ba rami. Ta faɗe shi sau uku a zama ɗaya.

Ziyarata ta ƙarshe, makon jiya, motar ta lalace a hanya, ban isa ba sai biyu saura kwata. A gidan bayan abincin rana kowa na shiga ɗaki, a ja labule. Na same ta zaune a bakin gado da cikakkiyar rigarta da lulluɓinta, har da takalmi, hannuwanta a kan cinya. Ma'aikaciyar da ta rako ni ta raɗa mini cewa kullum haka take, ta shirya tsaf a wannan lokacin, amma ba ta zuwa ko'ina.

Na zauna a kujera. Na ce mata ɗakin addu'ar gidan ga shi can a buɗe, taku ashirin, ba wanda ya kulle. Ta tashi mu je, ni zan amsa mata, a lissafa ko kada a lissafa, ina ruwanmu? Ta ce an umarce ta ta sauke, kuma ta yi alkawarin biyayya tun ban san ciwon kaina ba. In ta je ta durƙusa a wannan awar, ta ce musu ba ta yarda da hukuncinsu ba ke nan, kuma ta ce wa arba'in ɗin can addu'arsu ba ta isa ba. Na ce to ta yi a zuci, a nan kan gado, wa zai shiga zuciyarta ya duba? Ta ce ita za ta sani. Raina ya ɓaci, na ce wannan ba biyayya ba ce, kashe kai ne da sannu. Ta ce ƙila.

 A waje wani yana wanke mota, ana jin ruwa na dukan ƙarfe. Biyu ta wuce da minti biyar, da minti goma. Leɓenta ya motsa sau ɗaya, ta sa haƙori ta danne shi. Can ta juyo ta kalle ni, ba da wasa ba, kamar yarinya mai neman a nuna mata hanya.

"Auta, ku a waje me kuke yi da ƙarfe biyu?"

 Shekara sittin da huɗu ina duniya, ban taɓa lura ba. Na ce ba komai, Yaya, ciniki ya kan yi sanyi, wasu su yi gyangyaɗi, wasu su yi gulma, lokacin dai ya wuce da kansa. Ta gyaɗa kai a hankali, ta ce to za ta gwada ta koya. Ta mayar da hannuwanta kan cinya, muka ci gaba da zama, saura minti arba'in da biyar uku ta buga.